Wutar Gidan Kaka Fanna

Kwanakin nan duk inda na zauna zancen ɗaya ne. In mata sun taru a gidan suna, kafin a raba goro an shiga maganar tsadar tiyar hatsi. A rediyo ma haka, wani ya zo ya ce a rage kaza, wata ta zo ta ce a daina kaza. Nakan yi shiru in saurara, don babu dabarar da suke faɗi wadda ban ga uwata ta yi ba tun ina ƙarama a ƙauyenmu, can gefen Dakusa. Abin da ba na jin suna faɗi shi ne tsimi ma yana da nasa haɗarin. Ni na gani da idona, shi ya sa yanzu da wahala ta dawo, gabana ba ya daina faɗuwa.

Mu a gidanmu ba a zubar da komai. Da sassafe abin da ke fara shiga kunnena amon taɓarya ne, gida-gida, wata ta ɗauka wata ta amsa, har kana iya gane turmin kowace mace ba ka gan ta ba. Na Inna, mahaifiyata, ya ɗan tsage a gefe, saboda haka muryarsa a dishe take, ko daga rijiya ina gane shi. In aka surfa gero, dusar ta awaki ce, ruwan da aka wanke surfen da shi ma nasu ne. Ƙanzon da ya kama gindin tukunya a kankare shi a shanya, a tara a tsohon tulu, ran da babu a jiƙa shi a barbaɗa ƙuli-ƙuli. Tokar murhu a tace ta a sa a miya maimakon kanwa. Ƴaƴan yakuwa a dafa a yi daddawa. Da kaka mu ƴan mata mu bazu a daji mu tsinko tafasa da rama, a shanya su tare da kuɓewa, su ne miyarmu har wata damina. Rigar Baba in ta mutu ta zama taguwar ƙanena, in ta sake mutuwa ta zama gammon ɗaukar tulu. Kullum Inna ta ga na nufi bayan danga da ƙwarya sai ta ce, “Ke yarinya, tsaya. Kin duba ko akwai mai ci?” Ba ta kiran sunana, ni ce ƴarta ta fari. Yanzu kuwa a kai gero inji a baro dusar a can, a sayo komai a ƙulle a leda, har barkonon da a da yake tsirowa a bayan ɗaki ba wanda ya shuka shi. Ba na zargin ƴaƴan yanzu. A birni suke, ba su da bayan ɗakin.

Abin da muka fi tsimi a kai shi ne wuta. Itace ya yi mana nisa, sai an wuce gonaki an shiga daji, kara kuma na dabbobi ne da gyaran danga. Alimeti, wato ashana, sai ranar kasuwa, kuma da kuɗi. Saboda haka da an sauke tukunya a janye itacen a kashe a rairayi, gobe ma zai yi aiki. Murhu ɗaya ne a unguwarmu da ba ya mutuwa, na Kaka Fanna. Tsohuwa ce Babarbariya, mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ƴarta ɗaya tana aure a wajen Tirmini. Ta iya binne wuta. Takan sa busasshen kashin shanu a ƙarƙashin toka, ya yi ta ci a hankali kwana da yini, ba hayaƙi ba harshe. In lokacin girki ya yi, gidaje biyar ko shida su turo ƴan matansu da kasko. Ba a sayen wuta, amma ba a zuwa hannu biyu. Wata ta riƙo ɗan garin tuwo a hannu, wata kuka, wata curin fura. Da wannan tsohuwar take rayuwa, kowa ya sani, ba mai faɗi. Ta zuba maki toka a ƙasan kasko, ta ɗora garwashi biyu da yatsunta, waɗanda tuni suka daina jin zafi, ta sake rufawa da toka, ta ce, “Toka ƙasa, toka sama. Kada ki gudu, kada ki tsaya hira.”

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Gyaɗa ma ta kwanta, ganyenta ya murɗe. Ba a rasa gaba ɗaya ba, amma kowane magidanci ya leƙa rumbunsa ya san ba zai kai shi wata kakar ba sai da dabara. Muka koma girki sau ɗaya a yini, wajen la'asar. Da safe ɗumame ko ƙanzo, da rana ruwan fura mai tsinkakken jiki. Inna tana goyon ƙanwata a lokacin. Tana da kwalin alimeti guda a cikin kwallarta, a naɗe a tsumma, tsinke bakwai ne a ciki. Na san adadinsu don nakan ga tana buɗewa tana dubawa. Ta ce na ranar larura ne, ranar da wani zai tashi ba lafiya ana bukatar ruwan zafi ba shiri.

Ran nan bazara ta kai ƙarshe, zafi kamar ƙasa za ta tsage, maza duk suna gona suna shara. Tun azahar iska take kaɗawa, irin mai zuwa ta tsaya, ta sake zuwa da ƙarfi. Inna ta miƙo mini kasko da ɗan ƙullin kuka. Na dubi yadda zanen da ta shanya yake tashi sama, na ce, “Inna, iska ake yi. Ki ƙyasta guda ɗaya mana yau.”

Ta ce, “Yau guda, gobe guda, jibi mu nemi kwalin mu rasa. Je ki, ki kare da jikinki.”

Na je. Kaka Fanna ma sai da ta dubi sama ta yi tsaki kafin ta zuba mini, ta ƙara toka fiye da kullum. Na fito na bi lungun da ke tsakanin dangarta da ta Malam Isuhu, maƙwabcinmu. Ina tsakiyar lungun sai ƴar guguwa ta shigo ta gabana, ta kwashe tokar ta watsa mini a ido. Na runtse, kasko ya karkata, garwashi ya zubo mini a tafin hannu, na yarfar. Da na buɗe ido na ga guda a ƙasa, na tura shi cikin kasko da tsinke. Ɗayan na duba ban gan shi ba. Na tattaka gindin dangar da ƙafa, na watsa rairayi, na tsaya na ɗan saurara. Ba hayaƙi, ba komai. Na ce a raina ya mutu. Da na koma na faɗa wa tsohuwar, ko na faɗa wa Inna, da tulu ɗaya ya isa. Amma tsoron faɗa ya hana ni. Na dunƙule hannuna na shiga gida, na juye garwashin a murhu, na ce zan je ɗiban ruwa.

Ina bakin rijiya na ji kururuwa. Na juya na ga hayaƙi baƙi ya miƙe daga unguwarmu, iska tana kwantar da shi gabas. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar. Ba ihun mutane ba, ƙarar karan danga yana fashewa, tas-tas-tas, kamar ana soya gyaɗa a babban kasko, da wani gurnani a ƙarƙashi wanda ban taɓa ji ba. Awaki suna ta kuka a turke. Mata suna fitowa da yara da tabarmi, wata ta fito da taɓarya kaɗai ba ta san abin da ta ɗauko ba. Rijiyarmu mai zurfi ce, kafin a jawo guga ɗaya wuta ta ci ɗaki. Maza suka sheƙo daga gona suna watsa rairayi da ƙorai, wasu suna tumɓuke dangogi don a yanke mata hanya. Kafin magariba ta lafa. Ba a rasa rai ba. Amma ɗakin Kaka Fanna ya tafi, da rumbun Malam Isuhu, da na ƙanensa, har da irin shukar da suka ware. Damman gero suka yi ta ci a tsaye har washegari, garin duk warin ƙonannen hatsi. Namu rumbun yana yamma, ko tartsatsi bai taɓa shi ba.

Tun ba a watse ba aka fara cewa daga dangar tsohuwar ta tashi. Wa ke da wuta a wannan lokaci in ba ita ba? Matar Malam Isuhu tana kuka tana cewa an sha faɗa, ba a ajiye wuta kwana da yini a gidan kara. Kaka Fanna tana zaune a ƙasa, toka har girarta. Ta dube ni sau ɗaya, ta kau da kai. Mai gari ya ba ta wata bukka a gidansa, aka ce za a aika wa surukinta ya zo da jaki ya tafi da ita Tirmini.

Kwana uku na yi da hannu a dunƙule. Ya tashi ya yi ruwa, ya fashe. Ina daka da hannu ɗaya, ina cewa ƙaya ce ta soke ni. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai in ce an zo tafiya da ni. Ban san inda ake kai yarinyar da ta ƙona rumbu ba, amma na tabbata akwai wurin. Abinci ya ƙi shiga. In na ga ƴaƴan Malam Isuhu suna tonon toka suna tsintar ƙwayar da ba ta ƙone duka ba, sai in koma bayan ɗaki in yi ta amai.

A rana ta uku da hantsi Inna ta kama wuyan hannuna ina wucewa. Ba ta tambaye ni ba, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Garwashi nawa ta ba ki?”

Na ce, “Biyu.”

“Nawa kika kawo?”

Na fashe da kuka. Na jira mari, bai zo ba. Ta wanke ciwon, ta shafa man shanun da take ɓoyo don jaririya, ta ɗaure. Sannan ta zauna a kan turmi ta yi tagumi har Baba ya dawo daga gona. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ina raɓe a bakin ɗaki ina ji. Baba mutum ne marar yawan magana. Ya ce, “Wa ya sani bayan mu?”

Ta ce, “Tsohuwar ta sani, ta yi shiru ne saboda yarinyar. Malam, gobe jakin zai iso.”

Ya ce, “Kin san abin da zai biyo baya in muka faɗa? Kin san abin da ke cikin rumbun nan, kin fi ni sani.”

Ta ce, “Na sani. Amma yarinyar ta ce mini iska ake yi, ni na ce ta je. Ba zan iya haɗiye tuwon nan ba alhali an kori baiwar Allah a kan abin da na jawo.”

Bayan la'asar muka tafi zauren mai gari mu uku. Inna tana riƙe da ni. Baba ya yi gaisuwa, ya ce, “Ranka ya daɗe, wutar nan daga hannun gidana ta fita.” Inna ta kwance tsumman ta nuna hannuna, ta ajiye kwalin alimetin a gaban dattawa, ta ce, “Ga abin da na yi wa rowa.” Malam Isuhu ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce ƙaddara ce, shi bai nemi komai ba. Baba ya ce shi ma ba jira yake a nema ba. Washegari ya buɗe rumbunmu a gaban mutane, aka fito da damman aka kasa uku, kashi ɗaya namu, biyu na waɗanda suka rasa. Irin shuka ma haka.

Maza suka yi gayya suka tayar wa Kaka Fanna ɗaki. Ran da ta koma ta aiko a kira ni. Na je. Ta ce, “Buɗe hannun.” Ta duba, ta tofa addu'a, ta ce, “Ni ma na ga iskar, na zuba maki. Daga yau duk wadda za ta zo ta zo da murfi.” Haka aka koma yi. Amma ni ban sake iya ɗaukar wuta ba. Har na yi aure ita take kawo wa Inna da kanta, tana dogara sanda.

Daminar nan ba na son tuna ta. Kashinmu ya ƙare tun gero bai kai gwiwa ba. Aka sayar da awaki, aka sayar da tasoshin auren Inna. Baba ya yi ta ƙwadago a gonakin mutane yana barin tasa. Muka koma cin anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Nonon Inna ya ƙafe. Ƙanwata ba ta ga kaka ba. An ce zazzaɓi ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa wani abu daban, ko sau ɗaya, har iyayena suka koma ga Allah. Amma ni na san lissafin da zuciyata take yi.

Aure ya kawo ni Damagaram, cikin Birni, gidan wani baduku, Allah ya jiƙansa. A nan na haifi ƴaƴana, a nan na tsufa, a ɗan gidan nan na ƙasa da ke ƙarshen wani lungu wanda ko amalanke da ƙyar take shiga. Yanzu ina tare da autana Mutari da matarsa Rabi da ƴaƴansu huɗu. Mutari mushen lakwal ne, malamin makaranta, a wani ƙauye kan hanyar Tirmini, kullum a kan babur yake zuwa ya dawo. Rabi yarinya ce mai hankali, ba ni da abin cewa a kanta. Sabulu sai ta yanka shi huɗu ta shanya ya bushe kafin a taɓa. Ruwan ɗaurayar wanki shi ne na shara da bayan gida, don famfonmu yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai an saya wajen ƴan garuwa. Ita da maƙwabta uku suke haɗuwa a sayo buhun gero a kasuwar ƙauye a raba. Nama sai Juma'a, wata Juma'ar ma ƙashi ne. Tukunyar gas ta ƙare an jingine ta, an koma gawayi. Duk wannan ina gani ina sa mata albarka.

Sai ran nan Mutari ya shigo da bido biyu manya, jarkokin nan na roba masu ruwan ɗorawa, ya ajiye su a ƙarƙashin rumfa, taku kaɗan daga inda Rabi take hura gawayi. Tun bai buɗe baki ba hancina ya gaya mini. Warin fetur ne. Na ce, “Mene ne wannan?”

Ya ce, “Isansi ne, Iya. In na saya da yawa ran da ya yi sauƙi ya fi mini in riƙa sayen kwalba-kwalba a bakin hanya. Kowa haka yake yi yanzu.”

Na ce ya zauna. Na ba shi labarin nan tun daga farko, wanda ko ubansa ban taɓa ba shi duka ba. Na ce masa wancan kara ne, a fili, da maza da rairayi, ya yi abin da ya yi. Nan kuwa gida a jikin gida, ƙofa ɗaya, lungun da motar kashe gobara ba za ta shiga ba, famfo a bushe, yara huɗu. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, “Iya, na ji, wallahi na ji. Amma in na bar wannan, abin da ke saura ba ya kai mu ƙarshen wata. Ko in rage a nan, ko in rage a tukunya. Ki zaɓa mini, abin da kika ce shi zan yi.”

Na dubi yaran suna cin ɗumame a kwano ɗaya, ƙaramar tana lashe yatsa tana duban ko ya saura. Shekara da shekaru ina ganin kamar da ni ce a matsayin uwata da na yi daban. Ran nan na gane ita ma wani abin take tsoro, kuma nata tsoron gaskiya ne kamar nawa.

Ɗakina shi ne na can ƙurya, nesa da murhu, ƙofarsa ta ƙarfe ce, ba a ja masa wayar lantarki ba. Washegari na sa aka fito da gadona da akwatina. Mutari ya ce ba zai yiwu ba, me mutane za su ce. Na ce su faɗa. Aka shimfiɗa rairayi a ƙasa, aka shigar da bidon, na sa kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanena. In zai zuba a babur sai da safe kafin a hura wuta, a waje, ina tsaye. Ni kuma na koma ƙarƙashin rumfa da gidan saurona. Na ji an ce wata maƙwabciya tana yaɗawa wai suruka ta fitar da ni daga ɗaki. Rabi ta yi kuka a kan haka, na ba ta haƙuri, na ce ni da ita mun san gaskiya.

Yanzu aikina ke nan. Na sa jikokina sun ciko mini bokiti biyu da rairayi, suna nan gefen tabarmata. Da Rabi ta ɗauko gawayi sai in jawo kujerata in zauna tsakanin murhu da ƙofar nan. Ba na zuwa suna ko biki in ya faɗa lokacin girki. Yaran suna yi mini dariya, suna ce mini mai gadi. Ina jin su, idona yana kan tartsatsi, ina bin kowane ɗaya har ya mutu. Sai an sauke tukunya, an yayyafa wa gawayin ruwa na ji ya yi cuu, na sa tafin hannuna a kai na ji ya huce, sannan nake cewa a zubo mini nawa.